Fellenius ya ce 1.44, Bishop ya ce 1.52: wanne zan kai wa kwansaltan?

Abba Ɗan Sayit:
Assalamu alaikum manyanmu. Ina neman a haska mini. Muna aikin hanya a kudancin Kaduna, akwai inda hanyar ta ratsa tudu, dole aka yanke shi. Zurfin yankan mita 8 ne, tsawonsa wajen mita 300, zane kuma ya ce a kwantar da bangon 1:1, wato digiri 45. Abin da lab ya ba mu: nauyin ƙasa 19 kN/m³, danƙo c′ 15 kPa, kusurwar gogayya φ′ digiri 28. Ban sa ruwa a lissafin ba, domin ramukan gwajin da aka haƙa babu wanda ya taɓo ruwa. Na zuba a manhajar SLOPE/W mai lissafa ko bango zai zame, na gwada hanyoyin lissafi uku: Fellenius ya ba ni lambar aminci 1.44, Bishop 1.52, Spencer 1.51. Takardar aiki ta ce kada a gaza 1.5. Ogana ya ce in buga na Bishop in kai, sauran in bar su a kwamfuta. Ni dai raina bai kwanta ba. Wanne ne na gaskiya a cikinsu?

Sadiq:
Wa alaikumus salam. Buga Bishop ka wuce wurin. Wa ke amfani da Fellenius a wannan zamani in ba ɗan aji uku a jami'a ba?

Baba Mai Ritaya:
Ni nake amfani da shi, Sadiq, kuma na bar aji uku tun kafin a haife ka.

Sadiq:
Tuba nake Baba, ban san kuna kusa ba 😂

Malam Lawal:
Abba, a kan wannan tambayar kaɗai, oganka bai yi laifi ba. Ga dalili. Duk hanyoyin nan uku gida ɗaya suka fito. Ka zana layin da kake zaton ƙasa za ta zame a kansa, ka yayyanka ƙasar da ke samansa gida-gida a tsaye, sannan ka auna ƙarfin da ƙasar take da shi na riƙe kanta da ƙarfin da ake buƙata don kada ta motsa. Ka raba na farko da na biyu, lambar aminci ke nan. Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin yanki da yanki. Kowane yanki yana tura maƙwabcinsa a kwance, yana kuma gogar sa a tsaye, kuma in ka ƙirga abubuwan da ba ka sani ba sai ka ga sun fi lissafin da ke hannunka yawa. Dole ka yi zato a kan wani abu. Bambancin hanyoyin duka a wannan zaton yake.

Fellenius ya ce a yi kamar babu wannan turereniya gaba ɗaya. Lissafi ya yi sauƙi, amma ƙarfin da ke danne gindin kowane yanki sai ya fito ƙasa da yadda yake, gogayya ta ragu, lambar ta sauka. Bishop, a 1955, ya riƙe turawar da ke kwance, ya yar da gogar da ke tsaye. Abin da ya biya shi ne lambar aminci ta fito a ɓangarori biyu na lissafin, sai ka fara da zato ka yi ta maimaitawa, yawanci zagaye uku ko huɗu ta tsaya. Spencer, a 1967, ya riƙe duka biyun, ya ce dai dukkansu su karkata da kusurwa ɗaya. Morgenstern da Price, a 1965, sun bar kusurwar ta riƙa canzawa daga yanki zuwa yanki. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne suka cika dukkan sharuɗɗan daidaito, na turawa da na juyawa.

In layin zamewar da'ira ne, Bishop da Spencer kusan kullum kafaɗa da kafaɗa suke, kamar yadda ka gani, 1.52 da 1.51. Fellenius ne bare. Ba ɓoye shi za ka yi ba, ka sa shi a rahoto ka faɗi dalilin da ya sa ba shi ka dogara da shi ba.

Baba Mai Ritaya:
Malam, karatunka daidai ne, amma ina da ja. Lokacin da muke ma'aikatar ayyuka, allon zane ne da kamfas da takarda mai layi-layi. Da'ira ɗaya ta ci maka rabin yini, kuma ba ɗaya za ka gwada ba. Mun san Bishop ya fi daidai, amma muna son Fellenius domin yana bar mana rara. In ya yi kuskure, ta wajen tsoro yake yi. Ni ban taɓa ganin an kai injiniya kotu don bango ya ƙi faɗuwa ba.

Malam Lawal:
Ranku ya daɗe, rarar da ba ku san girmanta ba ita ce matsalata. A busasshen bango mai tsayuwa irin na Abba, tazarar kashi 5 ce cikin ɗari. A gangare mai kwanciya da ruwa ya cika, da'irar kuma ta yi zurfi, Whitman da Bailey sun nuna tun 1967 cewa kuskuren Fellenius na iya kaiwa kashi 60. Wato wani wuri ya ba ku rarar da ba ta taka kara ta karya ba, wani wuri ya sa ku kwashe rabin gonar mutane a banza. In ana son rara, a ɗaga lambar da ake nema a fili, kowa ya gani.

Baba Mai Ritaya:
To na ji. Amma kada a raina mutumin. Da gaɓar tashar jirgin ruwa ta Stigberg a Gotenbag ta zame cikin ruwa a 1916, mutanen Suwidin suka lura cewa laka a lanƙwashe take zamewa, Petterson ya zana da'irar, Fellenius ya zo ya tsara lissafin. Duk wanda ya zo baya a kan kafaɗarsu ya hau.

Yanzu bari in bar gardamar. Na ɗauko jadawalin Taylor na 1937 da ke cikin tsohon littafina. 15 a raba da 19 sau 8 ya ba ni 0.099. A digiri 45, da φ′ 28, na samu 1.5 da ɗan ɗoriya. Ka ga kwamfutarka ba ta yi maka ƙarya ba, ɗana. Abin da ka tambaye ta ta amsa. Tambayata ɗaya ce: a wane wata aka haƙa ramukan gwajin nan?

Abba Ɗan Sayit:
Watan Maris ne Baba.

Baba Mai Ritaya:
Maris. A kudancin Kaduna. Ka je neman ruwa a ƙarshen rani ka dawo ka rubuta babu ruwa. Bangon nan a watan Agusta zai yi jarrabawarsa.

Ummi ta Lab:
Ni ma ina da tambaya, yayana. 15 ɗin nan ta c′, yaya aka same ta? A buhu aka kawo ƙasar ko a dunƙule aka yanko ta? An jiƙa ta kafin a gwada? Kwana nawa gwajin ya ɗauka?

Abba Ɗan Sayit:
A buhu muka kai. Sun daddaɓe ta a mazubi, suka yi gwajin akwati, wanda ake danne ƙasa a akwati mai rabi biyu a tura har ta zame. Samfuri uku, nauyin da aka ɗora 100, 200 da 300 kPa. Da safe muka kai, washegari aka ba mu sakamako. Ban ga an rubuta an jiƙa ba.

Ummi ta Lab:
Innalillahi. To ka yi haƙuri, abin da ke hannunka ba c′ ba ne, an dai rubuta masa sunan.

Na farko, ƙasar da aka daddaɓe a mazubi ta dace da ciko, inda kai ne za ka zuba ka bi da rola. Kai kuwa yanka kake yi. Ƙasar da za ta tsaya a bangon ita ce wadda Allah ya ajiye a wurin, da jijiyoyinta da tsagoginta, babu rolar da za ta taɓa hawa kanta.

Na biyu, ba a jiƙa ba. Ƙasa mai ɗan damshi tana da wani danƙo na aro. Ruwan da ya maƙale tsakanin ƙwayoyin ƙasa yana janyo su wuri ɗaya. Ka tuna ɗakin da yara ke ginawa da yashi mai laima a kan ƙafarsu: su zare ƙafar ya tsaya cak, amma ka watsa masa kofi ɗaya na ruwa ya kwanta. Jar ƙasarmu a rani haka take, sai dai nata ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Gwajin da aka yi maka ya haɗa da wannan aron, damina kuma za ta karɓi abinta.

Na uku kuma shi ne wanda ba a cika lura da shi ba. Duk zurfin bangonka, 8 sau 19, 152 kPa ke nan, kuma mafi yawan layin zamewar nauyin da ke kansa bai kai rabin haka ba. An gwada maka a 100, 200, 300, aka ja miƙaƙƙen layi aka mayar da shi baya har sifili, inda ya tsaya aka kira shi 15. Alhali layin ƙarfin ƙasa lanƙwashewa yake yi ƙasa idan nauyi ya yi kaɗan. Da a 25, 50, 100 aka gwada, da wata lambar ka gani.

Sadiq:
Kai, Ummi ta zo da wuƙa yau.

Injiniya Hadiza:
Gaskiya ta faɗa. Abba, tunda fayil ɗin na buɗe a gabanka, yi mana abu uku. Ka bar Bishop yadda yake. Ka rage c′ zuwa rabi ka faɗa mana. Ka mayar da shi 5 ka faɗa mana. Sannan ka dawo da 15 ɗinka, ka sa matsin ruwa ru 0.25, wato matsin ruwan da ke cikin ƙasar ya zama rubu'in nauyin ƙasar da ke sama.

Abba Ɗan Sayit:
c′ 7.5 ya ba ni 1.13.
c′ 5 ya ba ni 0.98.
c′ 15 da ru 0.25 ya ba ni 1.22.
Hajiya, jikina ya yi sanyi.

Injiniya Hadiza:
To ka gani. Tun ɗazu ana ta kai ruwa rana a kan 0.08 da ke tsakanin Fellenius da Bishop, ga 0.4 da 0.5 suna zaune a cikin buhun da ka kai lab. Kuma ba ka ma haɗa biyun ba, raguwar danƙo da hawan ruwa, alhali tare suke zuwa. Duncan, da ya yi bitar hanyoyin nan a 1996, ya ce duk waɗanda suka cika sharuɗɗan daidaito ba sa kauce wa amsar gaskiya da fiye da kashi 6 cikin ɗari. Wane lab ne zai rantse maka a kan c′ da kashi 6? In ka cire danƙon gaba ɗaya, abin da ya rage tan 28 a raba da tan 45 ne, 0.53. Ma'ana bangon nan kacokan a kan danƙo ya rataya, lambar da ta fi kowace rashin tabbas.

Alhaji Ɗan Kwangila:
Ku dakata mini 'yan boko. Ni ban san Bishop ba, ban san limaminsa ba. Amma na fi shekara ashirin ina yanka tudu. Ku bi hanyoyin ƙasar nan ku gani, bangon marmara a tsaye kyam kamar an sa magwaji, tun muna samari yake nan, ko gezau. Wanda aka kwantar kuma shi ne ruwa ke sassaƙewa, ya yi kwazazzabai, yashi ya cika lambatu duk shekara. Yanzu za ku sa yaron nan ya je ya ce a kwantar da bango, wa zai biya? Kun lissafa?

Injiniya Hadiza:
Na lissafa, Alhaji. Daga 1:1 zuwa 1:1.5 ƙarin murabba'in mita 16 ne a kowace mita, a mita 300 ya zama kubik mita 4,800, kuma bakin yankan zai ci mita 4 cikin gonakin sama, ga diyya. In 1:2 ne ku ninka. Ba ƙaramin kuɗi ba ne, ban ce ba.

Kuma abin da kuka gani da ido gaskiya ne. Marmara mai tauri, wadda ƙarfe ya ɗaure ta, danƙonta na gaske ne, ba na aro ba, kuma tsayayyen bango ruwan sama kaɗan yake tara, don haka zaizaya ba ta cin sa kamar kwantacce. Inda zan rabu da ku shi ne kaurin marmarar. Sau da yawa ɓawo ce a sama. In yanka bai yi zurfi ba, duk cikinta yake, ya tsaya har jikoki. In aka kai mita 8, an huda ta an shiga abin da ke ƙasa: laka mai dabbare-dabbare, sannan ruɓaɓɓen dutse, wanda ido ke ganin kamar dutse amma ka murje shi da yatsa. Shi wannan in ya sha ruwa ba shi da ƙashi. Gindi ya tafi, marmarar sama ta biyo shi a dunƙule.

Abba, me katafila ke fitarwa a ƙasan yankan?

Abba Ɗan Sayit:
Daga sama wajen mita biyu da rabi burji ne ja mai tauri, har haƙoran eskabeta na ƙara. Daga nan sai ta yi laushi, ja da fari. Mita uku na ƙasa kuwa fara-fara ce mai ƙyalli, tana da santsi a hannu kamar hoda. Akwai wasu siraran layuka farare da suka ratsa ta a karkace, suna gangarowa wajen hanya.

Malam Lawal:
Tsaya nan. Samfurin da kuka kai lab daga wane zurfi?

Abba Ɗan Sayit:
Mita ɗaya da rabi zuwa biyu, Malam. Iyakar inda masu haƙa suka kai ke nan.

Malam Lawal:
Wato ka auna ɓawon ka ba wa tudun duka ƙarfinsa. Kuma layukan nan farare da ka ambata kamar ba komai ba, su ne labarin. Tsofaffin tsagogin dutsen ne tun kafin ya ruɓe, farar laka ta cike su. Ƙarfinsu bai kai na ƙasar da ke kewaye da su ba, ruwa kuma ta nan yake bi. In suna gangarowa wajen hanya da kusurwar da ba ta kai ta bangon ba, to bakinsu a buɗe yake a fuskar yankan, ƙasa kuma ba za ta tsaya neman da'ira ba, layin za ta bi.

A nan ne zaɓen hanya ya zama magana ta gaske, kuma a nan zan janye Bishop da na ba ka ɗazu, domin nasa na da'ira ne. Layin da ya fara da tsaga a sama, ya bi farar lakar, ya fito a gindi, sai Spencer ko Morgenstern da Price. Janbu na Nowe ma don irin wannan ya fitar da tasa a 1954, amma mai sauƙin tana kallon turawa ne kawai ba juyawa ba, tana fitowa ƙasa, sai an ninka ta da lambar gyara. Tunda kwamfuta ce ke wahalar, ɗauki Spencer. Ka zana layin da hannunka, kada ka bar manhaja ta yi ta zagaye da da'irori dubu biyar tana ba ka amsar tambayar da ba ita ce a ƙasa ba. Ka sa tsaga a sama, ka cika ta da ruwa.

Sadiq:
Shi ya sa nake cewa a daina wahala da yanka-yankan nan. A saka a manhajar PLAXIS, a bar ta ta riƙa rage ƙarfin ƙasa har ta faɗi. Ita da kanta za ta nemo inda za ta zame, babu zato.

Malam Lawal:
Tana da amfaninta, Sadiq. Ba ka zana mata layi, tana nuna maka motsi, in akwai gini a bakin tudun ko ana yanka mataki-mataki babu kamarta. Amma Griffiths da Lane, da suka gwada ta a 1999, a gangare mai sauƙi amsarta kusan ta su Bishop ce. Kuma "babu zato" ɗin nan ban yarda ba. Za ta tambaye ka taurin ƙasa da yadda take kumbura in tana zamewa, Abba bai auna ko ɗaya ba, zato zai yi. Farin layin nan kuma in ba ka zana mata shi ba, ba ta san da shi ba. Ka ba ta 15 ɗin nan, ta mayar maka da 1.5 mai launi ja da shuɗi.

Isufu Maraɗi:
Sannunku da aiki. Mu a nan Nijar tsarin Faransa muka gada, manhajar Talren muka fi gani a ofisoshi, ga kuma ƙa'idar Turai ta Eurocode 7. A wannan ƙa'idar ba a neman 1.5 a dunƙule. Ana raba c′ da 1.25, a raba tan φ′ da 1.25, in laka ce da ba ta tsiyaye ba a raba ƙarfinta da 1.4, sannan a duba ko bango ya tsaya. Abin da ke damuna, kuma muhawarar nan ta ƙara fito da shi, c′ da φ′ an yi musu kuɗin goro, alhali φ′ in ka yi kuskure digiri biyu ne ko uku, c′ kuwa kana iya ninka shi biyu ba ka sani ba. Malaminmu cewa yake yi, ka zaɓi c′ kamar kana ba da bashi ga wanda ba ka sani ba.

Injiniya Hadiza:
Isufu, wanda yake son ganin ƙasa irin ta Abba ya karanta labarin Hong Kong. Su ma ruɓaɓɓen dutse ne da ruwan sama mai ƙarfi. Ranar 18 ga Yuni 1972 ƙasa ta zaftare a Sau Mau Ping da titin Po Shan, mutum 138 suka rasu a wuraren biyu. A 1976 Sau Mau Ping ta sake. A 1977 suka kafa ofishi na musamman da ke duba kowane gangare. Abin lura, lambar da suke nema inda rayuka ke cikin haɗari 1.4 ce, ba ta kai 1.5 ɗinmu ba, amma sun ɗaure ta da yanayin ruwan da ake samu sau ɗaya a shekara goma. 1.4 da ruwa a ciki ta fi 1.5 ta watan Maris.

Maman Khalifa:
Ku gafarce ni, ni ba injiniya ba ce, maigidana ne ya sa ni a nan don ina koyar da kimiyya a sakandare. Bayan unguwarmu akwai kududdufin da ake ɗibar ƙasar gini, bangon ya fi tsayin mutum uku, yara na shiga ƙarƙashi suna haƙa. Wannan lissafin naku yana da abin cewa a kai?

Baba Mai Ritaya:
Yana da shi, 'yata, kuma kina iya yi wa ɗalibanki a allo. Bangon laka da aka yanke a tsaye, iyakar tsayin da zai kai kafin ya faɗi, a lissafin Taylor, shi ne 3.83 sau ƙarfin lakar a raba da nauyinta. Ɗauki ƙarfi 30 kPa da nauyi 18: mita 6.4. In ƙasa ta dare a sama, Terzaghi ya ce 3.83 ta koma 2.67: mita 4.4. In ruwa ya jiƙa ta ƙarfin ya koma 15: mita 2.2. Bango ɗaya ne, bai canza kama ba, amma abin da zai iya ɗauka ya sauko daga shida zuwa biyu. Haƙa gindinsa kuwa, wannan ba ya cikin kowane lissafi, cire masa ƙafa ne. Ki sa a hau sama a duba. In an ga tsaga tana bin bakin ramin, ko da ta shigar yatsa ce, a gaya wa mai unguwa a ranar. Kuma kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa ya ɗauke sun fi lokacin da ake ruwan zama abin tsoro, domin a lokacin ne mutane ke komawa, ruwan kuma bai gama ratsa ƙasar ba.

Maman Khalifa:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Gobe zan je da kaina.

Sadiq:
Hajiya Hadiza, tunda ke ce ta madatsun ruwa, ɓallewar Bagauda a 1988 da Alau a 2024, irin wannan lissafin ne ya gaza?

Injiniya Hadiza:
Kada mu haɗa su, Sadiq, kowanne da nasa bincike. Abin da aka sani a duniya dai, madatsun ƙasa da suka ɓalle mafi yawansu ruwa ne ya haura kansu ko ya huda ta ciki yana kwashe ƙasa, zamewar bango kaso kaɗan ce. Inda lissafinmu ya fi ba mu ciwon kai a dam shi ne in aka sauke ruwa da sauri: nauyin ruwan da ke tallafe bangon ciki ya tafi, matsin da ke cikin ƙasar bai samu lokacin fita ba. A wannan yanayin ana karɓar 1.1 zuwa 1.3 domin ba ya daɗewa. Amma wannan zaren na Abba ne, ka buɗe wani in kana so.

Alhaji Ɗan Kwangila:
Har yanzu ba a gaya mini wanda zai biya kubik 4,800 ba.

Baba Mai Ritaya:
Alhaji, wataƙila ma ba za a kai haka ba, wataƙila a wuce. Ga abin da zan yi da ni ne. Burjin sama a bar shi da tsayuwarsa, yadda kake so. A yi dakali mai faɗin mita biyu ko uku a inda ya ƙare, da lambatun kankare a kansa. Ƙasa mai laushin a kwantar da ita gwargwadon abin da sabon gwaji ya ce. A haƙa magudana a bayan bakin yankan ta tare ruwan gonaki, amma a shafe ta da siminti, domin magudanar da ba a shafe ba ita ce ke shayar da tsaga. A dasa jema layi-layi a fuskar. Ruwa ne abokin gabar, kuma korar sa ta fi kwasar ƙasa araha.

Abba, kafin ka kashe ko sisi a lab, ɗauki babur ka bi tsohuwar hanyar yankin. Duk inda ka ga yankan da ya zube, tsaya ka auna tsayinsa da kwanciyarsa da siffar inda ya ɓalle. Wanda ya faɗi lambarsa 1.0 ce, babu gardama. Ka riƙe φ′, ka juya lissafin baya ka ga wane c′ ne zai ba ka 1.0. Waɗanda suka tsaya ma ka rubuta su. Tsofaffin gonakin da ke sama ka tambayi masu su inda ruwa ke tsattsafowa da damina.

Alhaji Ɗan Kwangila:
Dakalin da jemar na yarda. Kwantarwar sai na ga takarda.

Abba Ɗan Sayit:
Na dawo. Na nuna wa oga lambobin nan uku, ya yi shiru, sannan ya ce wa ya aike ni. Daga baya dai ya yarda a yanko samfuri a dunƙule daga fuskar yankan, a mita 4 da mita 7, da ɗaya a kan farin layin, a kuma kafa bututun auna ruwa guda biyu a sama kafin damina ta kankama. Amma ya ce babu kuɗin tirayakziyal, ɗaya gwajin na ƙarfin ƙasa. Ƙanwata Ummi, gwajin akwati zai wadatar?

Ummi ta Lab:
Zai wadatar in an yi shi yadda ya kamata, a kan farin layin ma ya fi tirayakziyal, domin kana iya saita layin daidai inda akwatin ke rabewa. Ku yanko dunƙulen kamar tsawon taƙi ɗaya da rabi kowane gefe, ku naɗe da leda ku bi da kakin kyandir nan take, ku sa alamar sama da kibiyar da ke nuna wajen hanya. A zuba dusar katako a akwatin da za a ɗauko shi, kuma a kan cinya za a riƙe shi, ba a bayan tifa ba. A lab ka ce a cika akwatin da ruwa ya kwana, nauyi 25, 50, 100 da 150. Gudun turawar daga lokacin da samfurin ya gama zama ake lissafa shi, a ninka wannan lokacin, wato t100, da 12.7 a samu lokacin da turawar za ta ɗauka, kada su saita maka na yashi. Na farin layin, in ya kai ƙololuwa kada su tsaya, su mayar da akwatin su sake turawa har lambar ta daina sauka, ita za ka ba Spencer. In sun ce ka dawo gobe ka karɓa, ɗauki kayanka ka canza lab.

Malam Lawal:
Ka auna karkatar fararen layukan da kamfas kafin a ci gaba da yanka, aƙalla goma sha biyar a wurare daban-daban. Turo su nan in ka samu, mu ga ko ɗaya ne ko iyali biyu ne suke haɗuwa.